Motar da Ake Kira Ja-ciki

Ranar sunan 'yar ɗan'uwanku Habibu ina zaune a ɗaki na ji ku a tsakar gida kuna ba jikokina labarin Ja-ciki, kuna ta dariya har wani na tari. Wai kakansu ya taɓa samun mota lafiyayya a Tamanrasat, son gayu ya kama shi ya kwantar da ita ƙasa irin ta Turawa, ta kasa hawa dutse, sana'a ta mutu. Ban tanka ba saboda baƙi, amma raina ya ɓaci ƙwarai, ko abincin sunan ban iya ci ba. Ba na ganin laifinku, don a bakinsa kuka ji haka. Shi ya shirya labarin nan da kansa, ya kuma riƙe shi har Allah ya karɓi abinsa. To yau shi ba ya nan, Inna mahaifiyata ba ta nan, cikin waɗanda suka zauna a gaban motar nan ni kaɗai na rage. Don haka ku natsu ku ji yadda aka yi, in kun ga dama ku ci gaba da dariyar daga baya.

Daga Damagaram aka kawo ni Tamanrasat ina amarya. Babanku a lokacin yana ƙarƙashin yayansa, Alhaji Tanko, mai shagon atamfa da shayi da sukari a bakin kasuwa. A shekarar da Faransawa ke kwashe komatsansu daga sansaninsu na In Amgel suna sayar da abin da ba za su iya tafiya da shi ba, babanku ya samu ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya da tamfol, irin wadda muke ce wa bashe. Ku da kuka tashi kan kwalta ba za ku gane ba, a ƙasar nan duk wanda ya sayi mota abu na farko da yake yi shi ne ya ɗaga ta. Akwai wasu dogayen ƙarafa masu lanƙwasa da ke jere ɗaya bisa ɗaya a ƙarƙashin mota, su ke ɗauke da nauyinta, masu gyara na ce musu lam. Sai a ƙara su, a sa manyan tayoyi, mota ta miƙe tsaye kamar raƙumi, duwatsu su riƙa wucewa ta ƙarƙashinta. Haka babanku ya yi wa tasa, har ta fi ta kowa tsayi, ni kaina sai na dafa ƙofa na yunƙura nake shiga. Da ita yake bin hanyar Tahifat da Idlas, ƙauyukan cikin duwatsu masu lambuna, inda babbar mota ba ta son zuwa. Ya kai musu shayi da sukari da yadi na shagon Alhaji, ya sauko da alkama da busasshen tumatir da ɓaure. Hanyar nan ita ce cinmu da suturarmu, da ita muka kama gidanmu na kanmu.

Da na samu cikin fari, cikin yayarku, bisa al'ada gida ya kamata in je in haihu, amma wa zai ɗora mai ciki a bayan kamyo, babbar motar kaya, ya keta hamada da ita? Sai Inna ta ce ita za ta zo. Ba ku san ta ba sai a baki. Mace ce mai jiki, mai nauyi, gwiwoyinta sun daɗe da gajiya, ga ta da kunya da jin kai wanda ban taɓa ganin irinsa ba. A hanya wani ƙarfe na jikin kamyon ya yanke ta a ƙwauri, ta ɗaure da tsumma ta yi shiru, don kada a ce tsohuwa ta zo da raki. Tsakaninta da babanku kuwa surukuta ce ta mutanen da, ba irin ta yanzu da nake ganin suruki na cin abinci kwano ɗaya da uwar matarsa ba. Bai taɓa shiga ɗakinta ba, bai taɓa ɗaga ido ya dube ta ba. Da safe sai ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a bayan bango ya gaishe ta, ita kuma ta amsa mini ni.

“Rabi, ki ce masa mun kwana lafiya. Ki ce masa Allah ya yi albarka.”

Yana jin ta sarai, amma sai na juya na maimaita masa sannan ya tashi. Sunansa ko da wasa bai taɓa fita daga bakinta ba, mai gidan nan take ce masa.

Ciwon da aka raina ya zama gyambo. Ƙafa ta kumbura, ta fara ruwa, sanyin garin kuma ya taimaka masa. Muka yi na gargajiya har muka gaji. Babanku ya roƙi wani ma'aikacin gidan likita ya zo ya duba, mutumin ya buɗe tsumman ya girgiza kai, ya ce wannan ba aikin zuwa ɗaya ba ne, sai an riƙa kai ta ana wankewa ana yi mata allura, in ba haka ba ciwon zai kai ƙashi, in ya kai ƙashi kuma sai dai a yanke ƙafar, in ma an yi sa'a ke nan. Gidan likita yana can ɗaya gefen gari. Inna tana iya tashi daga gadonta da sanda ta taka zuwa ƙofar gida, amma ɗaga ƙafa ta hau wani abu, wannan kam babu. Ni ga ciki ya tsufa. Namiji ɗaya ne a gidan, shi kuwa ko gefen zanenta ba zai taɓa ba. Sai na kira maƙwabta mata, muka kifa turmi a gindin ƙofar mota, muka tattaru muna turawa muna ja. Turmin ya goce. Inna ta zube a ƙasa a bakin titi, ɗankwali ya faɗi, zane ya kwance, ga maza zaune a ƙofar shagon da ke kallonmu. Sun kau da kai, Allah ya saka musu, amma ta riga ta san sun gani. Da muka maida ta ɗaki ba ta yi kuka ba, ta dai kalli bango ta yi magana a hankali.

“Ba za a sake ɗaga ni kamar buhun gero ba. In ƙafar ce, a bar ta ta ruɓe. In kwana ya ƙare, a nan ma akwai ƙasa.”

Na san uwata, in ta faɗi magana ta faɗa ke nan. Na yi roƙo, na yi fushi, na kawo matar malamin unguwa ta yi mata nasiha, duk a banza. Ɗakin ya fara wari, zazzaɓi na zuwa mata kullum da yamma. Ina zaune ina kallon uwata tana mutuwa saboda tsayin mota, abin ya ishe ni har na rasa wanda zan ji wa haushi.

Babanku ya fasa tafiyar da ya shirya. Ya wuni yana zagaya motar, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashinta, ya tashi ya buɗe ƙofa ya rufe. Wata safiya bayan ya gama gaisuwarsa ta bayan bango, ya yafuto ni zuwa zaure ya miƙo mini igiya.

“In ta yi barcin hantsi, ki auno mini gadonta daga ƙasa zuwa inda take zama. Ki ƙulla a daidai wurin. Kada ta gani.”

Na ce me za a yi da awon gado, makara za ka sa a yi mata tun da ranta? Haka na faɗa masa, don bakina a lokacin ba shi da linzami. Bai yi fushi ba. Ya ce ai tana iya zama bisa gadon nan ta tashi da kanta ba wanda ya taɓa ta, to in kujerar mota ta sauko daidai gadon, me ya rage? Na tsaya ina kallonsa. Na ce hanyar Idlas fa? Ya ce je ki auno.

Washegari ya kai motar bakin maƙerar wani Buzu mai suna Bubakar, a bayan kasuwa. Ni na riƙa kai musu abincin rana, shi ya sa na ga aikin da idona. Suka ɗaga ta suka tokare da duwatsu, suka kwance lam ɗin gaba da na baya. Waɗanda ya ƙara da hannunsa yana murna, ya zare su ɗaya bayan ɗaya ya jingine. Suka maida sauran, suka sauke mota, ya kafa igiyar a ƙasa ya miƙa ta zuwa kujera, ƙullin yana can ƙasa da nisa. Ya cire manyan tayoyin ya sa ƙanana da ya samo daga wata matacciyar mota, ya yanke ƙafafun kujerar, har yanzu da saura. Sai ya ce wa Bubakar a rage lanƙwasar lam ɗin da suka rage. Bubakar ya so ya sa su a wuta don aiki ya yi sauri, babanku ya hana, ya ce wuta na kashe ƙarfin ƙarfen, mota za ta zube gaba ɗaya wata rana da mutum a ciki. A sanyi za a buge su. Suka zana siffar da suke so da gawayi a ƙasa don dama da hagu su zo daidai. Kafin ya ɗaga guduma Bubakar ya dube shi, ya yi magana da Hausarsa ta Buzaye.

“Ka sani, in na miƙar da su, ba su komawa yadda suke. Ƙarfe ba ya son a ce masa je ka dawo.”

Babanku ya ce ya sani, buga.

Ana cikin bugun nan Alhaji Tanko ya iso, babbar riga na jan ƙasa, don labari ya kai masa shago. Na koma gefe na rufe fuska, amma kunnena na wurin.

“Kai, lafiyarka ƙalau kuwa? Kowa na ɗaga mota kai kana kwantar da taka? Da me za ka hau Tahifat, da ciki?”

“Yaya, haka na ga Turawan In Amgel na yi wa nasu. Ta fi kyau a ido, ta fi zama a hanya.”

“Kyau? Kyau za ku ci kai da iyalinka?”

Babanku ya sunkuyar da kai. Alhaji ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, ya ce ba zai zuba kayansa a motar da za ta mutu a dutsen farko ba, ya juya ya tafi. Da muka koma gida na tare babanku a zaure, na ce don me ba ka gaya masa gaskiya ba, ai Alhaji mai tausayi ne, da ya ji dalili da ya yi shiru. Ya ce in Alhaji ya ji, matansa sun ji, in matansa sun ji, kafin la'asar Inna ta ji. In kuwa ta ji cewa saboda ita aka kashe hanyar abincin gidan 'yarta, ko an shimfiɗa motar a ƙasa kamar tabarma ba za ta shiga ba. Kuma ba ya son a wayi gari ana nuna ta a unguwa ana cewa ga tsohuwar da ta zo ta karya surukinta. Ya ce gara a ce shi wawa ne, wawanci ba ya kashe mutum. Ya sa na yi masa alkawari, na yi.

Ranar da igiya ta yi daidai, ya kawo motar ya manna ta da ƙofar gida, ya buɗe ƙofarta ta tare idon titi, ya rataya wani tsohon zanena a tsakiyar gaban motar ya raba wurin direba da na fasinja, sannan ya tafi can ƙarshen lungu ya juya baya. Na shiga na ce wa Inna motar nan fa ta tsufa, ƙarafanta sun saki, ta zauna ƙasa, ko yaro ya shiga. Ta harare ni. Na ce ki zo ki gani da idonki, in ba ta yi miki ba ki koma, ba mai taɓa ki. Can sai ta jawo sandarta. Na riga ta shiga na zauna a tsakiya. Ta tako a hankali har bakin motar, ta tsaya tana duban kujerar, ta juya baya kamar yadda take yi wa gadonta, ta zauna. Ta jawo ƙafar mai ciwo da hannu biyu ta shigar, ta gyara mayafinta. Ni dai na kau da kai don hawaye sun cika mini ido.

“Ki ce wa mai gidan nan ya zo mu tafi, rana na yi.”

Haka muka riƙa zuwa. Shi a bayan zane yana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, ni da cikina a tsakiya, ita a bakin ƙofa tana ba shi umarni ta bakina, ki ce masa ya rage gudu, ki ce masa ramin jiya yana nan gaba. A ƙofar gidan likita ma da kanta take sauka. Motar kuwa duk inda ta ga ɗan tudu sai ta goga cikinta, ƙarar ta cika titi, yaran gari su biyo mu suna tafi. Masu zaman ƙofar shago ne suka raɗa mata Ja-ciki, kafin wata ya ƙare sunan ya koma kan mai ita. Babanku in an kira shi da shi sai ya ɗaga hannu ya amsa yana murmushi, ni kuwa kamar in haɗiye zuciya.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Alhaji ya ba wani Balarabe mai babbar mota hanyar Tahifat da Idlas, mutanen lambunan suka saba da shi. Babanku ya gwada hawa sau ɗaya da ɗan kaya kaɗan, ko rabin hanya bai kai ba dutse ya fasa masa tukunyar man inji, sai jawo shi aka yi zuwa gari ana yi masa dariya. Daga nan ya koma ɗaukar itace da duro na ruwa da buhunan 'yan kasuwa a cikin gari, aikin da masu jakuna ke yi. Nama ya ɗauke daga tukunyarmu, shayi ya koma sau ɗaya a wuni. Na sayar da tasoshin jerena ɗaya bayan ɗaya ina ce wa Inna aro aka zo yi. Akwai ranakun da na ji haushinsa, akwai ranakun da na ji haushinta, ba zan ɓoye muku ba, yunwa da ciki ba sa barin mutum ya yi adalci. Amma warin ɗakin ya tafi, zazzaɓin ya daina zuwa, gyambon ya fara haɗewa daga gefe.

Da na haifi yayarku na shiga wankan jego, ba fita. Na ɗauka zuwa gidan likita ya tsaya ke nan, don wa zai zauna a tsakiya? Da safe sai na ga Inna ta yafa mayafi ta ɗauki sanda. Ta ce ai zanen na nan. Su biyu suka riƙa tafiya har na yi arba'in, kuma babanku ya rantse mini ko tari ɗayansu bai taɓa yi ba a hanya. In tana son ya tsaya sai ta buga sanda a ƙasan motar. Kafin zafi ya shigo ƙafa ta warke, sai tabo baƙi kamar tafin hannu. Babanku ya koma wurin Bubakar ko za a maido da lanƙwasar, lam na farko da aka buga ya tsage biyu. Sababbi sai daga arewa, kuma ba mu da halinsu. Motar ta zauna yadda take.

Da yayarku ta fara zama, Inna ta ce za ta koma gida. Aka samu kamyon da zai bi ta Agadas. Ja-ciki ce ta kai mu tasha, ta sauka da kanta kamar kullum. Sai ga mu tsaye a gindin kamyo, gabansa ya fi kaina tsayi, matakalarsa ta ƙarfe tana can sama. Wallahi duk cikinmu ba wanda ya tuna da wannan. Tasha cike da maza, Alhaji Tanko da mutanen kasuwa sun zo sallama, yaran mota sun matso suna shirin kama ta. Ta ɗaga musu sanda suka ja da baya. Babanku yana can nesa ya juya mana baya kamar yadda ya saba. Na matsa kusa da ita in ji abin da za ta ce in faɗa masa. Ba ta dube ni ba. Ta juya ta fuskanci inda yake, ta kira sunansa, sunan nan da ban taɓa ji a bakinta ba, a gaban kowa.

Ya juyo kamar wanda aka watsa wa ruwa. Ya tuɓe takalmi zai durƙusa.

“Tashi, ɗana. Ranar da aka auna gadona da igiya ba barci nake ba. Zo ka ɗora ni.”

Ya zo, kansa a ƙasa, ya ɗauki Inna cak kamar jaririya ya hau da ita ya zaunar a gaban kamyon, ya gyara mata ƙafar, ya ja mayafinta ya rufe tabon. Ta dafa kansa ta daɗe tana yi masa addu'a, ba ta bakina ba. Mutanen da ke wurin ba su gane zancen igiya ba, sun dai yi ta mamakin tsohuwar da ta yar da kunya a tasha. Alhaji ne kaɗai na ga ya dubi Ja-ciki, ya dubi ƙanensa, ya sa hannun riga ya share fuska, kuma daga ranar ban sake jin ya kira shi Ja-ciki ba.

A hanyar komawa gida babanku ya tsaya ya kwance zanen da ke tsakiyar motar, ya ninke ya ɗora mini a cinya. Na ce to yanzu sai a gaya wa mutane. Ya ce a'a, tana da sauran rai, kuma magana na bin kamyo har Damagaram. Bayan ta rasu na sake tambayarsa, ya ce ai an riga an saba, a bar shi.

Inna ta yi shekaru tana taka ƙafarta biyu zuwa gidajen suna da biki, da su aka binne ta. Hanyar Idlas kuwa babanku bai sake hawanta ba har ya bar duniya. Ku kira motar Ja-ciki in kuna so, sunanta ne, ni ma haka nake ce mata. Amma in za ku ba jikokina labarin, ku fara daga igiyar.